Injiniya Mu'azu da Shafin Mamata

A Gyadi-Gyadi ba a naɗa mutum injiniya, shi yake naɗa kansa, kuma babu wanda ya ɗaura wa kansa rawanin da ƙarfi kamar Mu'azu. Kwas ɗin kwamfuta ya yi na 'yan makonni a wani bene a Unguwa Uku, ya sauko da satifiket da baƙin gilashi, tun daga ranar in ka kira shi Mu'azu zalla ba ya waiwayowa. Ofishinsa bencin Ɗan'azumi mai shayi ne, daidai gefen da ake cajin waya. A nan yake buɗe laftof da safe, ya cika allo da koren rubutu, ya riƙa girgiza kai kamar likitan da ya ga hoton karaya. Mu masu shan shayi mun haddace labarin kamfanonin Dubai da suke roƙonsa, amma ba mu taɓa jin ko ɗayansu ya bugo waya ba.

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfin bakinsa, wato auren Husaina, ɗalibar aikin jinya, 'yar Alhaji Kabiru mai tayil da kayan famfo. Yarinyar tana sonsa, Allah kaɗai ya san dalili. Uban kuwa, wanda shi ne shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa da masu sana'a ta unguwar, ya ce bai san wata sana'a da ake yi a bencin mai shayi ba in ba shan shayi ba.

Sai taron shekara na ƙungiyar ya ƙarato. Al'adar taron ita ce, kafin jawabi, kafin a buɗe kular shinkafa, sai an tuna da 'yan ƙungiyar da suka rasu a shekarar. Liman ya yi wa Musulmi addu'a, fasto ya yi wa Kirista, kowa ya yi shiru har a gama. A bana mutum ɗaya aka rasa, Malam Jamilu tela. Sakataren ƙungiyar, Oluwaseun, mutum ne da ba ya barin gurbi babu komai ko da a takardar asibiti, kuma ya riga ya zuba sunaye da hotunan kowa a rumbun bayanai na wani kamfani. Ana ɗauko su ta wata ƙofa da masu harkar suke kira API: shafinka ya aika tambaya ta intanet, rumbun ya aiko da amsa, kai kuma ka jera amsar a allo.

Mu'azu na jin haka ya goge takalmi ya nufi shagon Alhaji.

"Baba, bana ba za a ɗaga hoton marigayi a kwali ba. Majigi zan haɗa, shafin mamata daban, na masu rai daban. Duk Tarauni ba a taɓa gani ba."

Alhaji ya dube shi ta saman tabarau. "Ka iya, ko baki ne?"

"Baba, wannan ai ina barci ma zan yi shi."

"To yi shi ido biyu. In allon nan ya yi aiki a gaban jama'a, na yarda kana da sana'a, ka turo magabatanka. In ya ƙi, ko a bakin layinmu kada in ƙara ganin gilashin nan."

Kafin azahar Mu'azu ya gaya wa rabin unguwa cewa an ba shi Husaina, ya fara tambayar teloli wane yadi ake yayi.

Gwajin farko a bencin shayi aka yi. Ya sa muka matso, ya naɗe hannun riga, ya danna maɓalli da ɗan yatsa ɗaya kamar gwamna zai ƙaddamar da rijiya. Allo ya fito fari fes.

Ɗan'azumi ya leƙo da ludayi a hannu. "Injiniya, ina mutanen?"

"Suna hanya."

"Daga ina suka taso? Ko su hau adaidaita?"

Ashe shafin ba ya jiran amsa. Ya aika tambaya, ya juya baya, ya nuna abin da yake hannunsa, wato babu. Amma Mu'azu ya ce laifin natwok ne. Ya hau benci ya ɗaga laftof sama, ya sauko, ya tsallaka titi, ya dawo, daga ƙarshe ya ce hayaƙin risho ne yake tare sigina. Ɗan'azumi ya ce shekara da shekaru yana tafasa ruwa a wurin, hayaƙinsa bai taɓa tare ko sauro ba.

Washegari mutanen suka iso. Akwatuna suka jeru reras a allo, kowanne da gurbin hoto da gurbin suna. Sai dai sunan kowa ɗaya ne: undefined. Sana'arsa undefined, unguwarsa ma undefined.

Obiechina mai kemis, haifaffen Sabon Gari wanda Hausarsa ta fi tamu gishiri, ya tsaya sayen burodi ya duba.

"Wannan bawan Allah ya cika ƙungiya. Shi ne shugaba, shi ne ma'aji, shi ne mai gadi. Mu'azu, ka san ma'anar kalmar? Kwamfutar cewa take ba ta san ko su waye ba."

"Oga Obiechina, wannan tsaro ne. Da gangan na ɓoye sunayen saboda 'yan damfara."

"To ka ɓoye su da kyau, ko masu sunan ba za su gane kansu ba."

Gaskiyar magana, rumbun yana aiko suna a gurbi ɗaya, Mu'azu yana nema a wani gurbin da ya ƙago da kansa. Da ya tsaya ya duba amsar da aka aiko masa sau ɗaya, da ya gani. Amma a wajen Mu'azu duba amsa aikin 'yan koyo ne. Sai da ya yi ta canje-canje kamar mai gwada makullai a ƙofar da ba tasa ba, har ɗaya ya dace, ya miƙe ya ce a ba kowa shayi, ya manta bai ce wa zai biya ba.

Rana ta gaba datarsa ta ƙare, ya lallaɓa wajen Madam Josephine mai abinci, wadda ma'aikatan jinya da ɗalibai suke yi wa odar abincin rana ta waya. Ya ce ta ba shi hospot, wato ya ɗan jona da datar wayarta, na ɗan lokaci kaɗan. Ta ba shi, don ta san uwarsa.

A wannan karon ya sake taɓa yadda shafin yake jiran amsa. Abin da bai lura da shi ba, da amsa ta iso sai shafin ya sake tambaya, da ta sake isowa ya sake tambaya, babu tsayawa. Allo yana ta ƙiftawa, laftof ta yi zafi, fankarta tana kuka. Mu'azu ya harɗe ƙafa ya ce gudu ne ya yi mata yawa. Rumbun ya gaji da nacin ya rufe masa ƙofa, datar Madam Josephine kuma ta tafi gaba ɗaya. Har la'asar babu oda ko ɗaya da ta shigo, ga shinkafa da miyar agushi sun huce a kula.

Ta fito da muciya. "Mu'azu! Me ka yi wa wayata?"

"Madam, tsohuwar waya ce, ba ta ɗaukar babban aiki."

"Tsohuwa? Zo nan ka ga tsohuwa!"

Ranar muka san Injiniya yana da gudu. Ya tsallake kwata da laftof a hammata, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan kuma Madam ta riƙe shi jingina.

Bayan an buɗe masa ƙofar rumbun, sunaye suka fito daidai, sai hotuna suka tayar da nasu. Hoton mutum na farko ya hau kan kowa, kuma na farkon Alhaji Kabiru ne. Ga Alhaji da hula zanna a kan sunan Josephine, mai abinci. Ga Alhaji a kan sunan Obiechina. Ga Alhaji mai gyaran gashi, Alhaji mai faci, Alhaji mai kunu. Ɗan'azumi ya yi dariya har ya zuba wa wani madara a kofin ruwan zafi, ya ce dama ya daɗe yana zargin Alhaji ne ya mallake unguwar.

Duk wannan lokacin akwai wani ɗan lungu a ƙasan allon da yake cika da jan rubutu. Nan ne kwamfuta take faɗin abin da ya lalace da inda ya lalace. Mu'azu ya tsani jan nan kamar yadda ya tsani a kira shi babu Injiniya. Da hotunan suka daidaita, sai ya samo a intanet wata dabara ta naɗe aikin gaba ɗaya yadda duk kuskuren da ya taso za a haɗiye shi shiru. Ya danna, ja ya ɓace.

"Kun gani? Babu ja, babu matsala."

Obiechina ya ce, "Ni ma in mai zazzaɓi ya zo, sai in fasa ma'aunin zafi in ce ya warke."

"Kai kemis ne, Oga. Kowa da fanninsa."

Ana gobe taro, bayan la'asar, ya je zance gidan Alhaji a Darmanawa. Husaina ta fito da hijabinta da littafin karatu a hannu, ta zauna a bakin tabarma. Ya nuna mata shafin masu rai kafin a raba su da mamata, ta ga hoton babanta da sunansa a wuri ɗaya, ta yi ajiyar zuciya.

"To shafin mamata fa? Ta yaya yake gane wanda ya rasu?"

Mu'azu ya gyara zama, don tambayar da yake jira ke nan. "Basira ce zalla. Kowane mutum yana da wani gurbi da ake tambaya, ya rasu? Sai na ce wa shafin, duk wanda ka ga an rubuta wani abu a gurbin nan, kai shi cikin mamata. Wanda gurbinsa babu komai, mai rai ne."

"To in an rubuta a'a fa?"

Ya yi dariya har da tafa cinya. "Wa zai ɓata lokacinsa yana rubuta wa mai rai a'a?"

"Ka gwada dai?"

"Subhanallahi! In buɗe shafin mutuwa ana gobe za a ba ni mata? Kina so in jawo mana? Ba a wasa da irin wannan, Husaina. Shafin nan sau ɗaya za a buɗe shi, a gaban liman."

Ta kalle shi, a fuskarta akwai tsoro na gaske, don ta san halin babanta. "Don Allah, Mu'azu, ka gwada ko sau ɗaya. Abba ba ya magana biyu."

"Ku ne kuke gwaji a asibiti, don ba ku da tabbas. Ki fara zaɓen anko kawai."

Daga nan bai tsaya ba. Ya lura babu sunansa a rumbun, tunda shi ba ɗan ƙungiya ba ne, sai ya ƙara kansa da hannu a cikin shafin, da hotonsa na gilashi wanda ya fi na kowa girma. Sannan ya tura adireshin shafin a duk wani guruf na waya da yake ciki, ya ce kowa ya aika wa danginsa na nesa, gobe su kalli taro kai tsaye. Mutane kuwa suka tura, har Onitsha, har Ibadan, har ƙauyuka.

Ranar Asabar da hantsi ɗakin taron da aka kama a Tarauni ya cika. Manyan riguna a gaba, gwaggwaro da atamfa a gefe, kuloli a baya suna ƙamshi. Iyalan Malam Jamilu tela suna zaune a layin farko. Mu'azu ya zo da kwat a wannan zafin, ya ja wayar majigi ta tsakiyar hanya, mutum biyu suka yi tuntuɓe da ita kafin a fara. Oluwaseun ya matso ya tambaye shi ko yana buƙatar su duba bayanan tare.

"Sakatare, ka yi naka, ka bar wa masu ilimi nasu."

Oluwaseun ya ɗaga kafaɗa. "Ni dai na cike komai, ban bar gurbi ko ɗaya ba."

"Madalla, haka ake so," in ji Mu'azu, ko a jikinsa.

Alhaji Kabiru ya karɓi makirfo, ya yi sallama, ya ce kamar yadda aka saba za a fara da 'yan'uwan da suka riga mu gidan gaskiya. Ɗaki ya yi tsit. Liman ya ɗaga hannu, fasto ya sunkuyar da kai. Mu'azu ya yi bismilla da ƙarfi don a ji, ya haɗa rabon masu rai da mamata da ya tsara, ya danna.

Allo ya yi baƙi, rubutu ya fito a hankali, Waɗanda Muka Rasa. Sai hoto na farko ya taso cikin baƙin zagaye, da hula zanna da murmushi. Marigayi Alhaji Kabiru, shugaba. Allah ya jiƙan rai.

Liman idonsa a rufe yake, ya riga ya fara. Rabin ɗakin suka ce amin kafin su ɗago. Alhaji yana tsaye da makirfo, baya ga allo, shi ma ya ce amin.

Wata mata ce ta fara salati. Alhaji ya waiwaya, ya ga kansa, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Kai! Wane ne wannan?"

"Baba, ɗan jinkirin natwok ne."

"Natwok ne ya kashe ni?"

Allon bai jira su gama ba. Marigayi Oluwaseun, sakatare. Marigayi Obiechina, mai kemis. Marigayiya Josephine, mai abinci. Marigayi liman da kansa, wanda ya buɗe ido daidai lokacin, addu'ar ta maƙale masa a wuya. Sakatare ya rubuta wa kowane mai rai a'a a gurbinsa, ɗaya bayan ɗaya, da kyakkyawar niyya, shafin Mu'azu kuma ba ya karanta abin da aka rubuta, shi dai ya ga rubutu. Malam Jamilu, wanda aka taru dominsa, ya wuce a tsakiyar jerin babu wanda ya lura da shi sai matarsa.

Sai wayoyi suka fara kuka, ta gaba, ta baya, ta ko'ina. Obiechina ya ɗaga tasa, muryar mahaifiyarsa daga Onitsha ta cika layin da yake zaune. Ya yi ta rantse mata da yarensu, ta ƙi yarda, sai da ya kunna bidiyo ya juya kansa hagu da dama. Madam Josephine tana ihu a tata wayar, "Ina nan da raina! Kada ku hau mota! Wa ya ce ku hau mota?" Ɗan'azumi ya ga nasa hoton, ya dafe ƙirji ya ce shi abin da ya fi ba shi haushi, ko jinya ba a bari ya yi ba.

Gumi ya jiƙa kwat ɗin Mu'azu. Ya sake loda shafin, jerin ya koma farko, Alhaji ya sake rasuwa. Ya buɗe lungun jan rubutu ko zai ga inda matsalar take, ya tarar da shi fes, babu ko ɗigo, kamar yadda ya umarce shi.

"Jama'a, a kwantar da hankali! Yanzu zan nuna shafin masu rai, kowa zai ga kansa."

Ya danna. Allo ya yi kore, furanni suka zubo daga sama. Hoto ɗaya tak ya fito, ya cika bango daga sama har ƙasa, da baƙin gilashi da hannu a haɓa. Babban Injiniya Mu'azu. Shi kaɗai ne ba shi da komai a gurbin, tunda shi ya shigar da kansa.

Obiechina ya sauke waya. "Ikon Allah. Annoba ta share Gyadi-Gyadi, ta bar mana wanda ya fi kowa amfani."

Madam Josephine ta riga ta cire takalmi. Mu'azu ya ja da baya, ƙafarsa ta harɗe da wayar da ya shimfiɗa da hannunsa, majigi ya biyo shi ƙasa, allo ya mutu. Shi ne kaɗai abin da ya mutu da gaske a wurin.

Wayar Alhaji ta yi ƙara, ya ɗaga, kuma makirfo yana kusa da bakinsa, kowa ya ji. Hajiya Halima ce, matarsa. Ta ce mata sun cika gida, maƙwabta sun fara shimfiɗa tabarmi a ƙofa, ƙaninsa ya taso daga Wudil, wani ma ya tafi yi wa masu haƙa kabari magana.

"Hajiya, ni ne nake magana."

"To Alhaji, wa zan yarda da shi? An ce a intanet aka gani."

Alhaji ya kashe wayar. Ya sa aka ɗauko hoton Malam Jamilu na kwali, wanda matarsa ta zo da shi a jaka don ba ta yarda da majigi ba tun farko. Aka ɗaga shi, liman ya yi addu'a daga farko, fasto ya yi tasa ta neman sauƙi ga iyali, aka shafa. Sai bayan nan Alhaji ya juyo.

Husaina tana tsaye a bakin ƙofa cikin 'yan rabon abinci, ta rufe fuska da hijabi. Ni dai na tausaya mata, don ita kaɗai ce a ɗakin ba ta yi dariya ba, ba ta yi zagi ba. Mu'azu kuwa ya karkaɗe gwiwa, ya mayar da gilashin da ya rasa ido ɗaya, ya rarrafo gaban Alhaji ya durƙusa.

"Baba, in aka duba da idon basira, allon ya yi aiki. Sunaye sun fito, hotuna sun fito, kowa da nasa. Layi ɗaya ne kawai zan gyara. Maganar magabatan nawa, ko su zo ranar Juma'a?"

Alhaji ya dube shi tun daga gilashi har takalmi. Bai ɗaga murya ba.

"Wajen wa za su zo?"

"Wajenka, Baba."

"Ni? Ai ni na rasu, yaro. Kai ka sanar, sau biyu ma, har na ce amin. Ka taɓa jin inda mamaci ya ba da aure?"

Ya saɓa babbar rigarsa, ya ce wa Husaina ta wuce su tafi, akwai masu zaman makokinsa da zai je ya sallama.